Ƙungiyar masu kaɗanya: abin da mai saye ke dubawa da abin da hukuma ke saurare

Ka tambaye ni, ɗana, mene ne amfanin ƙungiyar masu kaɗanya da ake ta zancenta daga Zuru har Ribah, tunda kowace mace tana iya tsinto ƙwararta ta kai kasuwa, kuma in an je gaban hukuma me za a ce mata.

Fara da buhu tukuna. Babban mai saye ba ya zuwa ƙauye don mudu goma. Cikin mota yake nema, kuma yana so buhun farko da na ƙarshe su zama iri ɗaya. Nan ƙungiya take shigowa. A tsinci 'ya'yan da suka faɗo da kansu, ba a kakkaɓe bishiya. A cire naman cikin kwana biyu zuwa uku, domin in aka tara su cikin damina suka fara tsiro, man ya yi tsami, kuma babu gyara. A dafa ƙwarar kamar minti 40 bayan ruwan ya tafasa, a shanya a kan tamfol ko daɓen siminti. Wadda aka shanya a ƙasa takan kwashi yashi da fumfuna. Wadda aka busar a kan wuta kuwa takan ɗauki hayaƙi, kamfanonin da ke sa man a abinci ba sa karɓarta. In ka girgiza ka ji tana ƙara cikin ɓawo, a fasa, a sake shanyawa. Mai saye yana zuwa da na'urar auna danshi, yana neman kamar kashi 7 cikin 100. Kai haƙorinka ya ishe ka: busasshiya karyewa take yi ƙas, mai danshi lotsawa take yi. A zuba a buhun algarara, a ɗora kan katako nesa da bango. Buhun taki gumi yake sa ta.

Kwano ɗaya na baƙar ƙwara yana karya farashin buhu, don haka a sa mata biyu su duba kayan kowa kafin a ɗora a sikeli, ko na matar shugaba ne.

Rajista ba wuya. Mutum goma sun isa kafa ƙungiyar gama kai. A rubuta ƙa'idoji, a kai ofishin da ke kula da ƙungiyoyin, a buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku waɗanda ba gidansu ɗaya ba. Abin da ke kashe ƙungiya yawanci yana zuwa ne bayan haka. Ana son a ajiye kaya har rani lokacin da farashi ke tashi, amma mai ƙwara tana bukatar kuɗin cefane yau, sai ta bi ta bayan gida ta sayar wa dillali. Maganinsa a biya ta wani kaso ranar da ta kawo, a rubuta suna da kilo da kwanan wata, ragowar in an sayar. Kada kuma a yi rawar jiki da injin kyauta. Kilo uku na ƙwara ke ba da kamar kilo ɗaya na mai a aikin hannu. A fara lissafa ƙwarar da za ta ciyar da injin, da man fetur, da wanda zai gyara shi.

Sai maganar hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, gandun daji kuma na jiha ne, amma wanda ya san wa ke tsinta a wane fili shi ne dagaci. Saboda haka a zauna da shi da malamin daji lokaci guda, a je da littafin ƙungiya, a nemi abu ɗaya tak. A ganina na farko shi ne gawayi. Masu ƙona shi suna son kaɗanya saboda nauyin itacenta, alhali bishiyar takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Ku ƙirga kututturan da aka sare, ku faɗi wurin, ku nemi a rubuta hani da tararsa da wanda zai karɓa, hakimi ya sa hannu. Alkawarin baki yana tafiya da ma'aikaci ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Ka tuna a watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya waje na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. A Abuja aka yanke, a kasuwar ƙauye farashi ya faɗi. Ƙungiyar da ta iya yin mai tana da ƙofa ta biyu a irin wannan lokaci, sai dai in za ta zuba shi a roba da tambari ta kai kanti, ta nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tun kafin ta buga takardar da za a manna a robar.