Amsar tambayar Hajiya kan manhajar aikin haɗin gwiwa

Assalamu alaikum. Hajiya, na ji tambayarki, wai wace manhaja za ku ɗauka tunda a cikinku akwai makaho, akwai kurma, ga mai rawar hannu. Na gane, so kike a ce miki ga guda ɗaya da za ta raba gardama. To babu ita. Buƙatun nan karo suke da juna. Kurma yana son komai ya fito a rubuce. Shi kuwa makaho mai sauraro da manhajar karanta allo irin su NVDA ko TalkBack, saƙo na faɗowa na'ura na karanta masa, ga mai jawabi bai yi shiru ba, murya biyu a kunne ɗaya. Don haka ki duba, a manhajar, kowa zai iya kunna ko kashe rubutu da sanarwar saƙo a nasa ɓangaren?

Amma abin da ke ƙona min rai, wallahi, jan katin nan ne da linzamin kwamfuta. Allon ayyuka, wai sai ka danne kati da linzami ka ja shi daga "ana yi" zuwa "an gama". Mai rawar hannu fa? Yana ja, katin ya kuɓuce ya faɗa wani layin, gobe a zo ana tuhumarsa ya ce ya gama aikin da bai ma taɓa ba. Makaho kuwa ina ruwansa da linzami, da madannai yake yawo. Sai a Oktoban 2023, da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da WCAG 2.2, ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da yanar gizo, aka ce duk abin da ake ja dole a samar da hanyar yin sa ba tare da ja ba. Wato, kar a rikice, sharaɗin cewa komai ya yiwu da madannai yana nan tun 2008, na jan ne sabo. Kuma har yau wasu masu ƙera manhaja ko a jikinsu.

Haka launi, ja an makara, kore an gama, babu rubutu a gefe. Alhali kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da matsalar bambance launuka. 

Kafin ku biya ko sisi, ku cire linzamin kwamfuta, ku ba su ukun nan su buɗe aiki, su yi sharhi, su matsar da kati da kansu. Kuma don Allah wani ya rubuta wannan muryar ya tura wa ɗan'uwanmu da ba ya ji.