Ku Tambaya Mu Amsa: Su wane ne mutum biyun nan masu takubba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da wani hoto da aka zana da kwamfuta yana ta yawo a Facebook. Mutum biyu ne majiya ƙarfi sun zare takubba sun auka wa wani sarki a kan karaga, a ƙasa kuma an rubuta wai su ne suka 'yanta Girka daga hannun azzalumi. Ga shi nan na turo maka. Tarihi ne ko ƙirƙira? Daga mai karatunka a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na buɗe hoton a waya, na ƙara girmansa har ina ganin jijiyoyin hannun mai takobin. Mai zanen ya iya aikinsa, musamman yadda haske ke sauka a kan ruwan takobi. Sai dai ya ɗora wa wanda ake kashewa kambin zinariya da jar alkyabba irin ta Rumawa, ya kuma zaunar da shi a fada. Duk ukun nan ba su cikin labarin.

Mutanen dai na gaske ne. Sunayensu Harmodiyos da Aristogeton, 'yan birnin Atina na ƙasar Girka, abin kuma ya faru a shekara ta 514 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A lokacin birnin yana hannun 'ya'yan Fisistiratos, wanda ya ƙwaci mulki da ƙarfi ya riƙe har mutuwarsa. Irin wannan mai mulki Girkawa ke kira "tiranos", kuma a farko kalmar tana nufin wanda ya hau ba ta hanyar doka ko gado ba, ko adali ne ko mugu. Shi Fisistiratos ma an yaba masa da sassauci. Da ya mutu babban ɗansa Hifiyas ya gaje shi, ƙanensa Hifarkos yana gefe yana tara mawaƙa a birnin.

To, wanda aka kashe ɗin ƙanen ne, Hifarkos. Mai mulkin ko ƙwarzane bai ji ba.

Dalilin kisan ma zai ba ka mamaki. Masanin tarihi Tusididis, wanda shi kansa ɗan Atina ne, ya ce rigimar ta zuciya ce. Akwai soyayya tsakanin Aristogeton da saurayi Harmodiyos, irin wadda al'adarsu ta wancan zamani ta yarda da ita. Hifarkos ya nemi saurayin, aka watsa masa ƙasa a ido. Don ya huce haushi, sai aka gayyaci ƙanwar Harmodiyos ta ɗauki kwandon hadaya a wani jerin gwano, aikin da 'yan mata 'ya'yan manyan gida kaɗai ke yi, da ta zo kuma aka kore ta a ce ba ta cancanta ba. Wannan cin mutuncin dangi ne ya cika tulun.

Suka shirya da wasu 'yan tsirarun abokai su kai hari ranar babban bikin Panateniya. Suna laɓe da wuƙaƙensu sai suka hango ɗaya daga cikin 'yan ƙulle-ƙullen yana hira da Hifiyas hankali kwance. Suka ɗauka an tona asiri. A ruɗe suka kutsa cikin gari, suka tarar da Hifarkos yana tsara jerin gwano a fili, suka daɓa masa wuƙa. Dogarai suka kashe Harmodiyos nan take. Aristogeton ya zille, aka kamo shi, ya sha azaba kafin a kashe shi.

Bayan nan Hifiyas ya koma mugu na sosai, ya yi ta kisa bisa zargi har shekara huɗu. Waɗanda suka kore shi a 510 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sojojin Siparta ne, wani birnin Girka mai hamayya da Atina, ƙarƙashin Sarki Kiliyomenis, da zugar wani babban gida na Atina da ke gudun hijira. Sai bayan kimanin shekara biyu wani babban ɗan Atina mai suna Kilistenis ya kawo tsarin da aka sani da dimokuraɗiyya.

Ina ganin nan ne tushen hoton da ka turo. Wane birni ne zai so a ce abokan hamayyarsa ne suka zo suka ƙwato shi? Sai mutanen Atina suka rungumi 'ya'yansu biyu, suka kafa musu mutum-mutumin tagulla a dandalin kasuwa, ana rera musu waƙa a wurin shaye-shaye wai sun ɓoye takubba cikin ganye sun kashe tiranos, zuriyarsu kuma tana cin abinci kyauta daga baitulmali. Tusididis ya yi ta ƙorafi cewa mutanen garinsu ba su san tarihinsu ba, amma waƙa ta fi littafi gudu.

Da Farisawa suka ci Atina a 480 sun kwashe mutum-mutumin suka tafi da shi. Aka ƙera sabo wajen 477, aikin maƙera Kiritiyos da Nesiyotis. Na tagullan ya ɓace, amma kwafin da Rumawa suka sassaƙa da farin dutse yana gidan tarihi na Napoli a Italiya, kuma daga can masu zanen kwamfuta ke kwaso tsayuwar. Duba hotonka da kyau: saurayin marar gemu ya ɗaga takobi bisa kansa, mai gemun ya miƙa hannu gaba da mayafi rataye a damtse. Haka suke a Napoli, illa dai can tsirara suke, mai zanenka ya suturta su, na kuwa gode masa. Kuma a sassaƙen babu wanda ake sara. Duk wanda ya tsaya gabansu, shi takobin ke fuskanta.

Shi kuwa Hifiyas, wurin Farisawa ya gudu. Yana tsoho tukuf ya rako rundunarsu zuwa Maraton, kusa da Atina, a 490, yana sa ran su mai da shi kan mulki, aka fatattake su.