Wane irin diski zan sa a akwatin NAS ɗina na gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne a Kaduna, na sayi akwatin NAS (na'urar ajiyar fayiloli da ake jonawa da netwok) na kamfanin Synology mai ramin diski biyu saboda ayyukan mutane sun cika mini laftof. Na je kasuwa wani ya ce Seagate ne ƙarshe, wani ya ce kar na kuskura, WD kawai zan saya, wani kuma ya ciro mini WD Purple ya ce shi ma yana yi tunda na kamara ne baya hutawa. Ga kuma na gwanjo masu araha. Wanne zan ɗauka don Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rigimar Seagate da WD ɗin nan ka ajiye ta gefe, kowanne cikinsu yana da diski mai kyau yana kuma da wanda zai sa ka kuka. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai ajiye wa mutane bayanai a intanet, tun 2013 yake fitar da alƙaluman diskokin da ke mutuwa a rumbunansa, kuma abin da mutum zai gani in ya bi su shi ne samfuri ke bambanta, a kamfani ɗaya za ka ga wani ya yi shekaru lafiya wani kuma yana zubewa, misali Seagate mai 3TB ɗin nan ST3000DM001 da ya yi ƙaurin suna wajen mutuwa. To lambar samfurin da ke jikin sitika ita za ka karanta kafin ka biya kuɗi.

Abu na farko da za ka tabbatar shi ne diskin CMR ne ba SMR ba, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. Waɗannan hanyoyi biyu ne na jera bayanai a faifan diski. A CMR kowane layi zaman kansa yake, a SMR kuwa layukan da ake rubuta bayanai a kai ana ɗora su ne bakin wannan kan bakin wancan kamar kwanon rufi, don a samu wuri da yawa a farashi kaɗan. Karatu ba matsala. Amma in za a sake rubutu a wani wuri sai diskin ya tattaro na maƙwabta ya sake rubuta su duka, shi ya sa yake da ɗan wurin da yake tara aiki na wucin gadi ya gyara daga baya in ya samu sarari. Yanzu ka ɗauka diskinka ɗaya ya mutu ka sa sabo, NAS zai kama kwafe komai zuwa cikinsa ba tsayawa awanni da yawa, ɗan wurin nan ya cika, gudu ya faɗi ƙasa warwas, aikin yini ya koma na kwanaki, wani lokacin ma NAS ɗin ya ga diskin ya daina amsawa ya cire shi daga layi ya ce ya lalace, kuma duk wannan tsawon lokacin bidiyon bikin mutane yana kan diski ɗaya tal. A 2020 aka gano WD na sayar da wasu WD Red masu 2TB zuwa 6TB da SMR ba tare da an rubuta a jiki ba, aka yi ta surutu har suka ware na CMR suka kira shi Red Plus. Don haka in ka ga WD40EFAX ka bar shi, WD40EFZX ko WD40EFPX su ne CMR. Barracuda mai 4TB, ST4000DM004, shi ma SMR ne kuma na kwamfutar tebur ne.

Waɗanda zan ce ka duba: WD Red Plus, Seagate IronWolf, ko Toshiba N300. Duka an yi su don aiki dare da rana, an ƙiyasta musu kusan 180TB na karatu da rubutu a shekara, inda na kwamfutar tebur yake kusan 55TB, kuma in sun ci karo da wuri mara karantuwa ba sa tsayawa suna ta nacin gyarawa har NAS ya fidda rai da su. Waranti shekara 3, na ajin sama da ake kira Pro shekara 5, sai dai gaskiya ga akwati mai rami biyu ba sai ka kai ga Pro ba, sun fi ƙara da zafi. Purple kuwa da SkyHawk na Seagate na CCTV ne, an saita su ne don kar rikodin ya tsaya, zai yi aiki in an sa shi amma ni ba zan ɗora abincina a kansa ba tunda farashin ba wani nisa ne da Red Plus ba.

Na gwanjo fa, haƙura. Har wanda aka ce sabo ne a leda ka bincika, don a farkon 2025 an gano diskokin Seagate da suka yi dubban awanni suna aiki aka goge lissafin aka sayar a matsayin sababbi har a Jamus. Ka ɗauki siriyal lamba ka sa a shafin waranti na kamfanin tun kana tsaye a shagon. In ka zo gida ka duba SMART, wato rahoton lafiyar da diskin ke ajiyewa, da manhajar kwamfuta CrystalDiskInfo, lamba 9 awannin aiki ne (amma kar ka dogara da ita kaɗai tunda ana iya goge ta), lamba 5 da 197 da 198 kuma, masu ƙirga wuraren da suka samu matsala, dole su zama sifili, sannan ka sa masa dogon gwaji kafin ka zuba aikin kowa. In da hali ka sayi biyun a shaguna daban, kar su zama 'yan kwali ɗaya da suka sha faɗuwa ɗaya a hanya.

Maganar girma, in ka haɗa biyun a RAID 1 ko SHR, wato tsarin da ake rubuta abu ɗaya a diski biyun lokaci guda, to girman ɗaya kawai za ka mora, 8TB biyu zai nuna maka kusan 7.2TB, ga mai bidiyo kuma 4TB nan da nan zai cika.

Sai abin da ya fi kashe diski a wajenmu, wuta. Ɗauke NEPA ana tsakiyar rubutu, da canjin zuwa janareta, sun fi kowane sunan kamfani ɓarna. Ka sayi UPS mai igiyar USB ka jona da NAS ɗin, akwai saiti a DSM, manhajar da ke tafiyar da akwatin Synology, da zai sa ya tsayar da aiki lafiya in batir ya kusa ƙarewa, ko da kana da inbata ka sa. Kar ka kulle shi a durowa, a watan Afrilu in ka ga zafin diskin yana haura digiri 45 na Celsius ka nema masa iska, lokacin hunturu kuma ka riƙa busa ƙurar fankar.

Kuma RAID ba ya maye gurbin kwafin da aka ajiye daban, in ka goge fayil da kuskure ya tafi a duka biyun, haka in ɓarawo ya ɗauki akwatin ko tsawa ta bi waya. Ka samu diski na waje mai USB kana kwafe ayyukan da ba ka miƙa wa masu su ba tukuna da manhajar Hyper Backup ta Synology, ka cire shi ka ajiye a shago ko gidan wani ɗan'uwa. Wannan ɗin ko SMR ne ba laifi.