Su wa suka mallaki gidan Hever, kuma ta yaya ake ganowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton gidan Hever da ke yankin Kent a Ingila, an ce nan Anne Boleyn ta yi ƙuruciyarta. Har yau danginta ne ke riƙe da shi? Kuma yaya ake sanin waɗanda suka mallaki tsohon gandu irin wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gidan ya daɗe da fita daga hannunsu. Geoffrey Boleyn, attajirin da ya taɓa zama magajin garin Landan, shi ya saye shi a 1462. Jikansa Thomas ne mahaifin Anne, wadda Sarki Henry na 8 ya aura, sannan ya sa aka fille mata kai a 1536. Thomas ya rasu a 1539, gidan ya koma hannun sarki, shi kuma ya ba wata matar tasa, Anne ta Cleves, a 1540 lokacin da aka raba aurensu.

A nan ne masu bincike da yawa ke yin tuntuɓe. Abin da aka ba ta riƙo ne na tsawon rayuwarta, ba mallakar da magada za su ci ba. Shi ya sa da ta rasu a 1557 gidan ya wuce ga iyalan Waldegrave. Daga baya ya shiga hannun iyalan Humphreys, sai iyalan Meade Waldo, waɗanda suka zuba manoma 'yan haya a ciki har ginin ya lalace. Wanda ya tsinci sunan manomi a wata tsohuwar takarda ya ɗauka shi ne mai gida, ya ɓata lissafinsa gaba ɗaya. William Waldorf Astor, hamshaƙin attajiri haifaffen Amurka, ya saya a 1903, ya gyara ginin, ya haƙa tafki. Iyalansa suka sayar wa kamfanin Broadland Properties a 1983.

Shi bincike daga yau ake farawa a koma baya, don kowace takardar ciniki tana ambaton wanda ya sayar. Ka fara da rajistar filaye ta gwamnati, amma kada ka dogara da ita kaɗai: sai a 1990 aka wajabta rajista a duk faɗin Ingila da Wales idan an yi ciniki, saboda haka gandun da bai sauya hannu ba tun lokacin, mai yiwuwa ne babu shi a ciki. Daga nan ka nemi taswirorin zakkar coci, wato na gonakin da ake biyan coci zakka a kansu, waɗanda aka zana bayan dokar zakkar ta 1836. Amfaninsu babba ne, domin jadawalin da ke tare da su ya ware sunan mai ƙasa daban, na mai nomanta daban. Abin da ya girmi wannan kuwa, sai wasiyyoyi da takardun kotun gandu, wato kotun da mai sarautar gandu ke gudanarwa a da; ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan na riƙe da rajistar inda takardun kotun suke.

Ka kuma kula da sarautar gandu. A Ingila ana iya sayar da ita daban da ƙasar, don haka mai riƙe da sarautar ba lallai ne ya mallaki ko taku ɗaya na gonar ba.