Ina Aka Kwana Game da Ƙungiyar Justice Democrats?

Tambaya: Malam, don Allah a yi mini bayani kan ƙungiyar nan ta Amurka mai suna Justice Democrats da ke tsayar da 'yan takara masu ra'ayin kawo sauyi. Shin tana ci gaba ne ko kuwa ta ja da baya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: An kafa ƙungiyar a farkon 2017, kuma wasu daga cikin jagororinta sun yi wa Sanata Bernie Sanders aiki a takararsa ta neman shugabancin ƙasa a 2016. Manufarta ita ce ta ƙalubalanci tsofaffin 'yan majalisa a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat da 'yan takarar da ba sa karɓar kuɗin manyan kamfanoni, sai gudummawar talakawa da masu sa kai da ke bi gida-gida. Sunanta ya fito a 2018, lokacin da Alexandria Ocasio-Cortez, wadda ba ta daɗe da barin aiki a gidan abinci ba, ta kayar da Joe Crowley a New York, mutumin da ya kusan shekara 20 a majalisa. A 2020 Jamaal Bowman da Cori Bush suka yi irin wannan bajinta.

Sai dai a 2024 dukansu biyu sun sha kaye, bayan da ƙungiyar AIPAC mai goyon bayan Isra'ila ta zuba miliyoyin daloli don a kawar da su. A ganina ƙungiyar Justice Democrats ba ta mutu ba, amma ƙarfinta ya fi bayyana a manyan birane, inda jam'iyyar take da rinjaye tun asali.