Tambaya da Amsa: Skimma ta ƙi daidaita, me zan yi?

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da tankin gilashi na kifin teku mai cin lita 300, sati ɗaya kenan da na sa masa injin kumfa wato skimma amma wallahi ta gajiyar da ni, yau kofin ya cika da ruwa har yana zuba, gobe kuma ko kumfa babu. Kullum ina cikin murɗa bawul ɗin da ke daidaita tsayin ruwa a cikinta. Ko dai jabu aka sayar min? Daga wani mai karatu a Abuja.

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Da farko dai don Allah ka cire hannunka daga kan bawul ɗin nan, yawan murɗawar ma yana cikin abin da ke hana ta zama. Sabuwar skimma sai ta yi sati ɗaya zuwa biyu kafin ta nutsu saboda akwai ɗan maiƙon da ta taho da shi daga kamfani, sai ya wanke kuma cikinta ya yi ɗan santsi sannan kumfa zai fara tsayawa. To kaga ba maganar jabu ba ce.

Aikinta shi ne injin ya ja iska ya farfasa ta zuwa ƙananan kumfa, dattin da ya narke a ruwa irin kashin kifi da ragowar abinci sai ya manne a jikin kumfar, ta hau ta wuyan skimmar ta zube a kofin da ke samanta. Ruwan gishiri ne ke sa kumfar ta tsaya ƙanana, shi yasa a tankin tarwaɗa ko karfasa ba ta da wani amfani.

Abin da nake zargi a wajenka shi ne tsayin ruwan tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin na kifin, inda skimmar take zaune. Yawancinsu suna son zurfin inci 6 zuwa 9, ka duba takardar taka, in ruwan ya yi mata yawa ka ɗora ta a kan wani abu na roba. Kuma dole tsayin ruwan ya tsaya waje ɗaya. A nan wajenmu musamman lokacin hunturu iska a bushe take, ruwa na ƙafewa sosai, da safe yana nan da yamma ya sauka, ita kuma skimma ko rabin inci ne sai ta nuna. Ka ja layi da maka a jikin tankin ka riƙa cikowa kullum da tataccen ruwa mara gishiri, domin gishiri ba ya bin tururi. Ga kuma matsalar ɗauke wuta, da zarar an ɗauke, ruwan tankin sama zai gangaro tankin ƙasa ya cika, ana kawowa skimma ta tashi cikin ruwa mai yawa sai ambaliya. Ka bari babban famfo mai mayar da ruwa tankin sama ya yi kamar minti 5 kafin ka kunna ta.

In wannan ya daidaita sai ka buɗe bawul gaba ɗaya, ka riƙa rufewa kaɗan kaɗan har kumfar ta kai gindin wuyan kofi, ka tsaya. Duk murɗawa ɗaya ka ba ta awanni, in da hali ma sai washegari. Abin da ya taru in ya yi launin ruwan shayi ya yi, in fari ne tsululu ka ɗan buɗe, domin ruwan gishirinka take kwashewa kuma in kana cikowa da mara gishiri ma'aunin gishirin ruwan zai sauka ƙasa da 1.025 da ake so, in kuma ƙazanta ce kawai ta daskare a wuya ba ta kai kofi ba sai ka ɗan rufe.

Kumfa ta faɗi bayan ka ba kifin abinci ko ka sa hannu a ruwa? Maiƙo ne, za ta dawo da kanta, kar ka taɓa komai. In ta ƙi dawowa duba tiyon iska, gishiri da ƙura kan toshe shi, ruwan ɗumi ko khal zai wanke. Wuyan kofin kuma ka goge shi ko sau biyu a sati.

Wani abu da yake damuna sosai, skimma iskar ɗakinka take zuƙa ta cusa a ruwa. Maganin sauro na feshi, turaren wuta, hayaƙin janareta duk za su shiga, kuma maganin sauro yana kashe kifi. In za a fesa a kashe ta a rufe tankin, sai warin ya fita tukuna.