Da gaske ne mutanen Lost matattu ne tun ranar da jirgi ya faɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai zango na huɗu a fim ɗin nan mai dogon zango na Amurka, Lost, sai wani abokina ya ce in daina ƙona datata a banza, wai a ƙarshe za a nuna cewa duk sun mutu tun ranar da jirginsu ya faɗi, shi ya sa masoyan fim ɗin suka yi wa marubutan caa. Gaskiya ne? Idan ba haka ba ne, me ya harzuƙa mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar nan za ta tona maka ƙarshen labarin, amma tunda kai ka nema, bismilla.

Abokinka ya yi gaskiya a kan cewa an yi rigima, amma batun mutuwa tun farko ba haka yake ba. Duk abin da ya faru a tsibirin ya faru ne da rayayyun mutane. Jirgin Oceanic 815 da ya taso daga Sidni zuwa Los Anjeles ya faɗi, wasu suka tsira, shida daga cikinsu suka koma gida bayan kwana 108, suka yi shekara uku a cikin jama'a, sannan yawancinsu suka sake komawa tsibirin. A kashin ƙarshe, wanda tashar ABC ta haska ranar 23 ga Mayu, 2010, Kate da Sawyer da Claire da Miles da Richard sun bar tsibirin da ransu a jirgin da Frank Lapidus ya tuƙa. Jack, babban jarumin labarin, shi ne ya mutu a cikin dajin gora, Hurley kuma ya gaji tsaron tsibirin, Ben yana mataimakinsa.

To ina maganar mutuwar ta samo asali? Wuri biyu ne.

Na farko dabarar zango na shida ce. An rufe zango na biyar da yunƙurin tayar da bam a shekarar 1977 ta cikin labarin, da nufin goge faɗuwar jirgin daga tarihi. Da aka buɗe zango na shida sai ga jirgin ya sauka lafiya a Los Anjeles, tsibirin kuma an nuno shi a ƙarƙashin teku. Daga nan aka riƙa tafiya da labari biyu: na tsibiri, da na wannan rayuwar da hatsarin bai auku ba, inda Sawyer ɗan sanda ne, Jack kuma yana da ɗa. Kowa ya ɗauka bam ɗin ne ya raba zamani gida biyu, wato magana ce ta kimiyya. Sai a mintocin ƙarshe mahaifin Jack ya shaida masa cewa wannan rayuwa ta biyu wani irin barzahu ne da suka haɗu a cikinsa bayan kowa ya mutu a lokacinsa, wasu kafin Jack, wasu shekaru masu yawa bayansa. Ya kuma faɗa masa ƙarara cewa abin da ya same shi a duniya duk gaskiya ne. Bayanin bai wuce 'yan mintoci ba, ya zo ne bayan sa'a biyu da 'yan kai na kallo, ga talla da ta cinye kusan minti 45 a cikin sa'a biyu da rabin da aka ware wa shirin. Wanda ya daina kallo tun zango na biyu ya dawo daren nan don ya ga yadda za ta kaya, kuma irinsu suna da yawa, abin da ya gani shi ne mutane zaune a coci an ce musu sun mutu. Da wannan ya fita ya ba wa wasu labari.

Na biyu kuskure ne na tasha, marubutan ba su da hannu a ciki. Bayan Jack ya rufe ido, yayin da sunayen ma'aikata suke wucewa, sai aka saka hotunan tarkacen jirgin a bakin teku, ba kowa a wurin, ko motsi babu. Masu kallo da suka saba karanta ma'ana a kowane hoto suka ce shi ke nan, ba wanda ya tsira. Daga baya ABC ta bayyana cewa ita ta ƙara hotunan don ta ɗan sassauta wa mai kallo kafin a shiga shirin da ke biye, ba sashen labari ba ne. Sai dai kafin bayanin ya zagaya, jita-jitar ta riga shi nisa, ga shi har ta iso wurin abokinka.

Wannan ɓangaren rashin fahimta ke nan. Akwai kuma waɗanda suka fahimci komai tsaf kuma suka fusata, su ne ƙorafinsu yake da nauyi.

Shekara shida, daga Satumbar 2004, kashi 121, fim ɗin yana horar da mai kallo ya zama ɗan binciken ƙwaƙwaf. Lambobi shida, 4, 8, 15, 16, 23, 42, suna fitowa a tikitin cacar Hurley, a jikin murfin ramin da aka tono, a kwamfutar da sai an shigar da su duk bayan minti 108, wanda shi ne jimlarsu. A zango na biyu an haska wata taswira a jikin ƙofar ƙarfe na 'yan daƙiƙoƙi, kafin gari ya waye masoya sun tsayar da hoton, sun ƙara masa haske, sun kwafe rubutun Latin da ke jiki suna fassarawa a intanet. Mutumin da ka saba masa da wannan aiki, mako bayan mako, da hutun watanni tsakanin zango da zango yana ta gina hasashe, idan ka zo ranar biya ka miƙa masa rungume-rungume da hawaye, zai ji kamar ɗan adashin da ya yi ta zubi, ranar kwasarsa uwar adashi ta sallame shi da addu'a. Damon Lindelof da Carlton Cuse, waɗanda suka jagoranci rubutun, sun tsaya a kan cewa labarin na mutanen ne, tsibirin fage ne kawai. Suna da hujja, domin kusan kowane kashi an gina shi ne a kan rayuwar mutum ɗaya. Amma ba da wannan aka riƙa tallata shirin ba.

A ganina, zargin cewa ba a amsa tambayoyi ba an yi masa ƙari. Fararen beyar nan na yankin ƙanƙara, tun zango na uku aka nuna kejin da masu binciken Dharma, ƙungiyar masu kimiyyar da ta taɓa zama a tsibirin, suka ajiye su. Lambobin, a zango na shida an ga kowace an jingina ta da sunan ɗaya daga cikin waɗanda Jacob, mai tsaron tsibirin, yake zawarci su gaje shi. Raɗe-raɗin da ake ji a daji, Michael ya ce muryoyin matattun da suka maƙale a tsibirin ne. Matsalar ita ce amsoshin sun fi tambayoyin ƙanƙanta. Kashin "Across the Sea", wanda aka haska saura ƙasa da mako biyu a rufe, shi ya fi ɓata wa masu son kimiyya rai: dodon hayaƙin da aka yi shekaru ana hasashen ko na'ura ce, sai aka ce mutum ne da ɗan'uwansa ya jefa cikin kogon haske. Fim ɗin da ya kawo masanin kimiyyar lissafin zamani da littafinsa cike da ƙididdiga ya ƙare da toshe rami da dutse. Akwai kuma abubuwan da aka bari a buɗe da gaske, kamar su waye suka yi harbi daga ɗaya kwalekwalen a zango na biyar.

Sai ƙananan ƙorafe-ƙorafe: an haɗa Sayid da Shannon a cocin alhali Nadia ya yi shekaru yana nema, ba a ga Michael ba, ba a ga Mista Eko ba. Wannan na ƙarshe 'yan Najeriya za su lura da shi, domin Adewale Akinnuoye-Agbaje ne ya fito a matsayinsa, kuma a labarin daga Najeriya ƙaramin jirgin nan mai ɗauke da ƙwayar heroin a cikin gumaka ya taso. Tun farkon zango na uku aka kashe shi.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake sana'ar a lokacin. Tashoshin Amurka na kyauta ba sa sanya wa shirin da ke kawo kuɗi ranar ƙarewa, suna buƙatar kashi ashirin da wani abu duk shekara. Zango uku marubutan suka yi suna buɗe ƙofofi ba su san yaushe za a ba su damar rufewa ba, har aka kai ga yin kashi guda a kan zanen da ke jikin damtsen Jack. A Mayun 2007 ne ABC ta amince a ƙare a 2010, da zango uku masu kashi 16 kowanne, sai yajin aikin marubuta na ƙarshen 2007 zuwa Fabrairun 2008 ya gutsure na huɗu. Kwatanta da fim ɗin Dark na Jamus, kashi 26 kacal a zango uku, wanda ya ƙare a 2020 ba tare da irin wannan hayaniya ba. Masu kallon Lost ma sun ragu kafin ƙarshe: sama da miliyan 23 a buɗe zango na biyu, kimanin miliyan 13 da rabi a daren rufewa. Zafin bai huce da wuri ba, har George R. R. Martin, marubucin littattafan da aka gina Game of Thrones a kansu, ya ce a 2011 ya ji an cuce shi, Lindelof kuma ya bar Twitter a 2013 bayan shekaru ana bin sa da gori.

Kai da kake kallo a jere, ba ka da wancan jiran na watanni, don haka ka ci gaba. Idan ka shiga zango na shida, ka riƙe cewa duk abin da ke faruwa a tsibiri rayuwa ce, duk abin da ke faruwa a duniyar da jirgi ya sauka lafiya bayan mutuwa ne. Ka saurari hirar Hurley da Ben a ƙofar cocin, tana nuna sun daɗe suna riƙe da tsibirin bayan Jack. Da ka gama, ka nemi "The New Man in Charge", ƙarin minti 12 da aka saka a faifan DVD a Agustan 2010. A nan aka nuna inda ake turo abincin da ke faɗowa tsibirin daga sama, da kuma abin da ya sami Walt, ɗan Michael.